Cikin Inna da Ragon Baffa

Zakiyya ta fito daga banɗaki da buta a hannu, sai ta tarar ragon ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya, ya kamo gefen farar rigarta ta aiki daga kan igiyar shanya, yana tauna a tsanake kamar wanda aka gayyato walima.

"Kai! Sakar min riga, ɗan nema!"

Ta dire butar ta yi kansa. Da ƙyar ta ƙwato rigar, gefen ya jiƙe sharkaf, har zare ya fara fita. A ƙarƙashin rumfa Inna, mahaifiyar mijinta, tana zaune a tabarma da jikarta jaririya Zinariya a cinya, tana dariya har da dafe ƙugu.

"Ki yi masa uzuri, Likita. Kullum yana ganin kina sa ta kina fita, shi ma so yake ya je kwas ɗin nan."

Zakiyya ba likita ba ce, nas ce a ɗakin haihuwa na asibitin gari, amma tun ranar da aka kawo ta gidan mijinta Uwaisu a Yalwawa Inna ta laƙaba mata sunan. Ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, don ba a mayar wa suruka magana ko ta wasa ce. Amma ta gefen ido ta ga yadda Inna ta katse dariyar a tsakiya ta ja numfashi, ta gyara zama. Ta ga awarwaron da ya zame mata daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu. Ta ga kwanon kokon da ta kai mata tun da sassafe, ko rabi ba a sha ba.

Ragon na Baffa ne, mahaifin Uwaisu, malamin makarantar allo a Miga. Ran Litinin ya biyo da shi daga kasuwar Shuwarin ya ɗaure a tsakar gidan ɗansa, ya ce motar ta cika, zai dawo ran Alhamis da babu karatu ya kwashe matarsa da ragonsa gaba ɗaya. Ba wanda ya tambaye shi na mene ne, don kowa ya sani. Ragon suna ne. Inna, wadda ta aurar da autarta bara, ita ce mai cikin.

Labarin yana da tushe. Shekarun baya, bayan an yaye autar, Inna ta yi ɓatan wata, sai kuma shiru, tsofaffin unguwa suka ce cikin kwanciya ya yi. Daga baya al'adar ta ɗauke gaba ɗaya, kowa ya manta. Sai da daminar bana cikin ya fara tasowa, ungozomar unguwa ta shafa ta ce ai wancan ne da ya kwanta ya tashi. Tun daga ranar Baffa ya canja tafiya. Rawanin da sai Juma'a yake naɗawa ya koma naɗa shi har zuwa gona, abokansa na majalisa suna kiransa ango yana cewa su ji tsoron Allah, bakinsa kuwa ya ƙi rufuwa. Ita kuwa Inna kunya ta hana ta ko leƙa zaure. Shi ya sa da aka ce Zakiyya za ta yi kwas na mako guda, ana neman mai riƙe jaririya, ba ta jira an roƙe ta ba, ta ɗaure kayanta ta taho Dutse inda ba a san ta ba.

Ita ma Zakiyya da ita aka yi dariyar. Har ta ware 'yan rigunan da suka yi wa Zinariya kaɗan ta ninke a ƙasan akwati, tana tunanin ta hannun wa za ta aika da su ba tare da an san daga ita suke ba. Sai jiya Laraba dariyar ta tsaya mata a wuya.

Kwas ɗin na ƙara wa ma'aikatan lafiya sani ne a kan cututtukan mata. An tattaro su daga Taura da Miga da Kiyawa da sauran ƙananan hukumomi, an zuba su a ɗakin taron asibiti mai fanka ɗaya. In za a faɗi gaskiya, da yawansu shinkafar rana da takardar shaida ne suka kawo su. Ƙawarta Sista Raihana ma ta ƙware wajen yin barci da biro a tsaye a hannu, in ka hango ta sai ka rantse rubutu take. Amma jiya wata 'yar gajeruwar likita daga Kano, Dakta Albarka, ta hana kowa gyangyaɗi. Ta zana mahaifa a allo, ta zana 'yan ƙwallaye biyu gefe da gefe, ta ce nan ne ma'ajiyar ƙwan haihuwa, kuma nan ma ciwon daji yana kamawa.

"Shi wannan ba ya zuwa da hayaniya," in ji ta. "Mace za ta zo ta ce muku cikinta ya kumbura. Ta ce loma kaɗan take yi ta ƙoshi. Ta ce fitsari ya dame ta, mararta ta yi nauyi. Me kuke ba ta?"

"Maganin ulsa!" wani ya faɗa daga baya.

"In ya ƙi, na tsutsar ciki," in ji wata. Aka fashe da dariya.

"To daga yau, in macen ta manyanta, musamman wadda al'ada ta ɗauke mata, ku kwantar da ita ku taɓa cikin da hannunku. Ku tambaya ko an taɓa yin irinsa a danginsu. Ku turo ta a yi hoto. Ba kowane kumburi ne daji ba, amma ba da ido ake tantancewa ba."

Wani dattijon ma'aikaci daga Taura ya ɗaga hannu ya ce, to wadda ta ce nata kwantaccen ciki ne fa?

"Ni ban zo musu da kowa ba," in ji Dakta. "Ku kawo min ita mu gaisa da shi a na'ura. In barci yake, za mu gan shi yana barcinsa. Gobe ma ina nan ina duba mata har la'asar kafin in koma. Duk wanda ke da wata a zuciyarsa, ya kawo ta."

Aka sake yin dariya. Zakiyya ba ta yi ba. Ƙarar butar Inna take ji a kunnenta, fita bayan fita.

Yanzu ga shi Alhamis ta yi. Baffa yana hanya, likita kuma la'asar za ta tafi. Zakiyya ta shiga ɗaki da rigar da aka taune, ta tarar Uwaisu yana goge takalmi zai tafi sakateriya. Ta tura ƙofa ta gaya masa komai da murya ƙasa-ƙasa. Ya ajiye burushin.

"To ki gaya mata mana. Ke ce ma'aikaciyar asibiti."

"Ni ce kuma surukar. Ko tabarma ɗaya ban taɓa zama da ita ba, sai in ce mata, Inna, buɗe cikinki in gani? Kai dai ɗanta ne."

"Ni?" Ya zaro ido. "Ni da nake ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa? Yaron nan take ce min, da gemuna. In je in yi mata maganar ciki? Gara ƙasa ta tsage in shige."

"To raba za mu yi. Yau ba ka zuwa ofis. Kai ka ji da Baffa, ni in ji da Inna."

"Kin ɗauki mai sauƙin," ya ce, amma ya ture takalmin gefe.

Ta fito ta karɓi Zinariya don ta ba ta nono. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefen tabarmar, ta ɗan juya baya kamar yadda ta saba. A gidan nan akwai hanya ɗaya da magana ke bi tsakaninta da Inna in ta wuce gaisuwa, hanyar kuwa ita ce wannan jaririyar da ko haƙori ba ta da shi. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Zinariya, don kada bakin uwarta ya kama sunan suruka.

"Zinariya," ta ce tana gyara mata hula, "ke da kike da fada a gidan nan, tambayar min takwararki, me kokona ya yi mata?"

Inna ta karkato ta kalli jaririyar. "Ce wa uwarki kokonta ba shi da laifi. Wurin zubawa ne babu, ɗan haya ya cinye ɗakin."

"Ce mata akwai wata likita da ta zo daga Kano, mace ce, yau za ta koma. Tana da na'urar da take ganin cikin mutum ba tare da an yi masa ko allura ba."

"Ce mata na haifi takwas a ɗakina ban ga na'ura ba. Yanzu da furfurata zan je in jera a benci da sa'o'in 'ya'yana ana awo? Wata ta tashi ta ba ni wuri ta ce, sannu Iya, wa kika rako? In ce kaina na rako?"

"Ce mata ba za ta bi layi ba. Ta ƙofar baya za mu shiga."

"Ce mata ta ƙofar baya ɓarayi suke shiga."

Zinariya ta saki nono ta kalli wannan ta kalli waccan, ta yi gyatsa. Zakiyya ta ji rana ta fara zafi a bayan wuyanta. In aka ci gaba a haka, har motar Miga ta zo ta tafi suna aiken jaririya. Ta tuna mata nawa ta daka wa tsawa a ɗakin haihuwa, matan manya da na talakawa, ta ce su kwanta su kwanta. Ta tashi daga kujerar, ta taka tabarmar ta zauna daf da Inna, ta ɗago kai ta dube ta.

"Inna. Yana motsi?"

Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar haƙoran rago a kan harawa. Inna ta zuba mata ido, ta daɗe.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Tun da aka kawo ki ban taɓa ganin ƙwayar idonki ba. Ashe manya ne."

Zakiyya ba ta sauke su ba, duk da ji take kamar fuskarta za ta kama da wuta.

Inna ce ta fara kawar da kai. Ta ɗora tafin hannu a kan cikin, ta bisa zani.

"Ba ya motsi. Bai taɓa yi ba. Ni za a gaya wa motsin ɗa? Na san mai shuri, na san mai birgima, yaron nan ma da kai ya riƙa tunkuyata. Wannan nauyi ne kawai, kamar an ɗaura min tulu."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"In faɗa wa wa? Kin ga yadda Malam yake tafiya kwanan nan? Mutumin da gwiwa ta hana shi hawa keke, ran nan da kansa ya haura ya gyara min rufin ɗaki." Ta yi 'yar dariya, ta goge gefen ido da bakin kallabi. "Kuma 'yar nan, in ana yi maka dariya ai da sauƙi. Ranar da aka daina dariyar, sannu za a koma yi min. Na gani a kan Yaya Gaji."

"Wace ce Gaji?"

"Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ki riske ta ba. Ita ma haka nata ya taso bayan ta daina haihuwa, aka ce kwantacce ne. Ta yi ta jira ya tashi, tana ramewa yana girma. Da shi aka binne ta."

Zakiyya ba ta san ta matse Zinariya ba sai da yarinyar ta yi ƙara. Ta sassauta hannu, ta kalli ɗan cikin nan mai laushi da ke ɗagawa yana sauka a ƙarƙashin riga.

"Likitar ta ce wani lokaci yana bin dangi," ta ce. "Inna, ni ban isa in sa ki ba. Amma in ba za ki je don kanki ba, ki je don wannan. Jininki ce, sunanki gare ta. In akwai abin da ya kamata in sani don in tsare ta in ta girma, a jikinki zan san shi. Kuma ina so ta girma ta san ki, ba a ba ta labarinki kamar yadda kika ba ni na Gaji yanzu ba."

Inna ta miƙa yatsa, jaririyar ta damƙe shi ta nufi baki da shi.

"Ke kuma daga zuwanki duniya kin fara aikena," ta ce mata. Ta yi ajiyar zuciya. "Ce wa uwarki ta ɗauko min mayafina. Babban, mai rufe komai. Amma da sharaɗi. Duk abin da aka gani, ni zan gaya wa Malam. Ba ita ba, ba yaron nan ba."

"To Inna, ko in ɗan taɓa in ji, kafin mu tafi?"

"A'a! Rashin kunyar ta yau ta isa haka. Bar wa baƙuwar."

Hantsi ya ɗaga sosai Baffa ya yi sallama. Kafin ya amsa gaisuwar kowa ya wuce wajen ragon, ya shafa ƙeyarsa, ya matsa gadon bayansa.

"Ya rame. Ba a ba shi dusa ne?"

"Ana ba shi, Baffa," in ji Uwaisu yana durƙushe. "Har da riga yake ƙarawa."

Daga nan sai ya shiga kame-kame. Ya yi maganar damina, ya yi ta hanyar Miga, ya yi ta tsadar taki, kafin ya lallaɓo ya ce wai an ce akwai wata likita, wai da na'ura, wai ko za a ɗan kai Inna a duba kafin a kama hanya. Zakiyya tana jinsa daga bayan labule, kamar ta fito ta ƙarasa masa.

Baffa ya gyara rawani. "Abin da ke cikin mahaifa Allah ne ya bar wa kansa sani."

"Haka ne, Baffa. Lafiyarta kawai za a duba."

"Mace ce likitar?"

"Mace ce."

"To duba lafiya ba laifi ba ne. Amma kada wanda ya tambaye ta namiji ne ko mace. Ba na so." Ya sosa wa ragon kunne. "In dai ita ta faɗa da kanta ba a tambaye ta ba, to wannan daban."

Tasi suka ɗauka, Baffa a gaba, su uku a baya. Inna ta naɗe cikin mayafi, ido kawai ake gani. A asibiti, tun da aka ƙaddamar da shari'a bara aka raba bencin jira, na maza a gindin darbejiya, na mata a baranda. Baffa da Uwaisu suka nufi nasu. Zakiyya ta ja Inna zuwa tagar Malam Lado mai yankan kati, wanda bai taɓa barin ma'aikaci ya wuce bai tsokane shi ba.

"A'a, Sista, yau kin gudo daga makaranta? Sunan marar lafiya?"

Zakiyya ta buɗe baki, sai ta rufe. Duk lissafin da ta kwana tana yi, ba ta lissafa da wannan ba. Ta juyo da goyonta ta nuna masa. "Sunan wannan ne."

"Wannan ai Zinariya na san ta."

"Na yankan."

"Ni na je sunan ne? Ko ƙashi ba ki aiko min ba. Faɗi mana in rubuta, layi na jira."

Daga cikin mayafi murya ta fito. "Halimatu Sa'adiya, ɗan nan. Rubuta, kada ka kashe min yarinya. Yau ta yi iya yinta."

"Shekaru fa, Iya?"

"Rubuta abin da ka gani."

"Ai ido kawai nake gani."

"To rubuta na idon."

Sista Raihana ta fito daga ɗakin taro da bakinta cike da tsiya, ta fara cewa an yi rabon takardar shaida ta kusa karɓe ta wata, amma da ta ga fuskar Zakiyya sai ta haɗiye sauran. Ta kwance mata goyon ta rungume, ta nuna musu ɗakin da Dakta take.

Dakta Albarka ta gaida Inna har da ɗan rusunawa, ta sallami sauran masu koyo, ta ja labule. Ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, Inna tana amsawa tana kallon silin. Da aka zo kan dangi, Inna ta sake faɗin Gaji, likitar ta ɗaga kai ta kalli Zakiyya. Ta murza hannuwanta suka yi ɗumi, ta bi cikin a hankali tana dannawa, tana ɗan bubbugawa da yatsa. Sannan ta ce, "Sista, kawo hannunki nan. Abin da na zana muku jiya ke nan, gara ki ji shi da yatsunki."

Zakiyya ta tsaya cak.

"Surukata ce, Dakta."

"Taɓa mana," in ji Inna, ba ta sauke ido daga silin ba. "Ai kin riga kin gama da ni tun da safe."

Ta ɗora hannu. Fatar da sanyi, a miƙe kamar ganga. Likitar ta kama yatsunta ta kai su can ƙasa ta dama, ta danna. Ga shi nan, wani abu mai tauri, marar santsi, ba ya gudu ba ya amsawa. Zakiyya ta taɓa cikin mata ba adadi, ta san kai, ta san baya, ta san ɗan dunduniyar da ke zillewa. Wannan ba ko ɗaya ba ne.

Aka shafa mai sanyi, aka ɗora na'ura. Dakta ta daɗe tana kallon gilashin, tana nuna wa Zakiyya baƙin da yake ruwa da farin da yake tsiro. Sannan ta goge cikin da kanta, ta taimaka wa Inna ta tashi zaune, ta jawo kujera ta zauna a gabanta.

"Iya, babu ɗa. Wani tsiro ne a gefen mahaifa, da ruwan da ya taru, su suka ɗaga cikin. Ba zan rantse miki da sunansa ba sai an yi aiki an ciro an auna. Amma ina zargin ciwon daji ne, kuma ba na son a tsaya dogon shawara. Ran Litinin ina son ganinki a Kano."

Inna ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin gero. "Ana warkewa?"

"Wasu suna warkewa, wasu ana sassauta musu su daɗe. Ban san naki ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, zuwanki yau ya fi zuwanki bayan Salla."

"To Allah ya sa mu dace." Ta laluɓo mayafinta. Wannan karon a kafaɗa kawai ta yafa shi.

Baffa yana hango su ya miƙe, carbi a hannu, ya taho har tsakiyar fili. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya.

"Ni dai ba tambaya nake ba. Amma ta faɗi wani abu da kanta?"

"Ta faɗa, Malam," in ji Inna. Ta waiwayo ta dubi ɗanta da surukarta. "Ku ba mu wuri."

Suka ja da baya zuwa baranda. Daga nan ba a jin magana, gani kawai ake yi. Zakiyya ta ga Inna tana magana a tsaye, hannunta ɗaya a kan cikin. Ta ga carbin Baffa ya daina tafiya. Ta ga ya laluba bayansa kamar makaho har ya sami bencin ya zauna, rawanin ya karkace bai gyara ba. Can sai ya matsa gefe, ya share ƙurar wurin da hannun rigarsa. Inna ta zauna kusa da shi, a bencin maza, a gaban kowa. Mazan da ke wurin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma wata inuwar.

Uwaisu ya juya ya fuskanci bango. Zakiyya ta karɓi 'yarta daga hannun Raihana ta goya ta, ta ɗaure zanin tamau.

Sai bayan la'asar suka koma Yalwawa. An fasa tafiya Miga, daga nan za a wuce Kano. Inna ta kishingiɗa a tabarmarta, ta ce a ɗumama mata sauran kokon nan za ta gwada. Baffa ya yi salla ya daɗe a kan buzu, sannan ya taso ya tsaya a kan ragon, hannuwansa a baya. Uwaisu ya matso a hankali.

"Baffa, ragon nan, ko in nemi wanda zai saya? Don kada ya riƙa, wato, kada a riƙa ganinsa."

"Wa ya ce maka aikinsa ya ƙare?" Baffa bai juyo ba. "Da na saye shi, niyyata ranar da uwarka ta fito daga ɗaki da ƙafarta, lafiya lau, a yanka a tara jama'a. To ranar tana nan. Ɗakin ne kawai ya koma Kano."

Ya sa bakin rawani ya goge fuska, ya ce ƙurar harawa ce. Sannan ya juyo wajen da Zakiyya take tsaye da goyo, ya kalli jaririyar da ke leƙowa ta kafaɗarta, don shi ma bai taɓa yi wa surukarsa magana kai tsaye ba.

"Amaryata, gaya wa uwarki na bar mata amanarsa. A ƙara masa dusa." Ya ɗan tsaya. "Ki kuma ce mata Allah ya yi mata albarka."

"Ki ƙara mata da cewa ta ɗaga igiyar shanyarta," in ji Inna daga rumfa, ido a rufe. "Ni ba gaggawa zan yi ba, rigunanta kuma ba su da yawa."

Zakiyya ta kai wa Inna kokon, ta durƙusa ta ajiye. Ta mirgino turmi zuwa gindin bango, ta hau, ta kwance igiyar ta ɗaure ta a ƙusa ta sama, inda ita kanta sai ta yi ɗage za ta kai. Ragon yana tsaye yana kallonta, bai ji daɗin abin ba. Ta sauko ta ɗebo dusa a kwano, ta zuba masa, ta tsaya tana dubansa yana ci. Sai ta koma ta ƙaro.